Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Albarkatun Ruwa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are: A Auna Ƙasa Kafin a Kafa Dam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Minista, da ku shugabannin hukuma, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku.

Ni tsohon ma'aikacin safiyo ne. Na yi shekara 30 da 'yan kai ina saɓe da sandar awo a dazukan Kano da Jigawa, yanzu kuma na dawo gida ƙasar Haɗeja ina noman shinkafa a fadamar da na gada. Don haka ruwan nan na san shi a takarda, na kuma san shi a tsakar gida.

A damunar 2022 muna bisa jinga da daddare, mu da samarin unguwa, muna jera buhunan yashi da hasken fitilar waya. Ruwan Haɗeja ba ya zuwa da ruri irin na ƙoramar dutse. Lallaɓowa yake yi kamar mai jin kunya. Bayan sallar isha'i na kafa karan dawa a bakinsa, na ɗaura tsumma a daidai inda ya tsaya. Kafin kiran assalatu babu tsumman, babu karan. Shinkafata ta riga ta yi ciki, ta kwana 9 a ƙarƙashin ruwa, da ya janye kuwa warin ruɓarta ne ya tarye ni tun daga nesa. Ni nawa mai sauƙi ne, amfanin gona kawai na rasa. Akwai waɗanda ɗakunan ƙasa suka rufta musu, akwai waɗanda kwalekwale ya kife da su, akwai kuma dubbai daga Ringim zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri da suka koma kwana a bakin titi da azuzuwan makarantu. A faɗin ƙasar nan sama da mutum 600 ne suka rasu a ambaliyar wannan shekara, fiye da miliyan 1 kuma suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Duk bayan irin wannan masifa magana ɗaya ce ke tasowa a majalisu da gidajen rediyo: a gina dam, a tare ruwan tun daga sama. Ba na jayayya da haka. Tambayata ita ce a ina, kuma wa ya auna wurin?

Na yi wannan tambaya ne domin akwai abin da ke cina a zuciya. A wata ƙaramar hukuma, wadda ba zan kama sunanta ba, an taɓa tura ni in kafa turakun wani ƙaramin dam na ƙasa, wai don a kare wani ƙauye daga ambaliya, a kuma samar wa dabbobi mashaya. Tun kafin in sauke kayan aiki an riga an zaɓi wurin, don yana kusa da garin wani mai faɗa a ji. Na kwana 4 ina zagaya dajin. Ƙoramar da aka ce a datse ƙarama ce, filin da ke tara mata ruwa bai taka kara ya karya ba. Wadda ke cinye ƙauyen tana can yamma da nisa, wani tsoho mai kiwon awaki ne ma ya kai ni, ya nuna mini tarkacen da ruwa ya rataye a reshen wata kanya sama da kaina. Ƙasar wurin da aka zaɓa kuma rairayi ce, in ka damƙa a hannu zubewa take yi. Na rubuta rahoto, aka ce kwangila ta riga ta fita. Na kafa turakun da hannuna. Dam ɗin bai taɓa riƙe ruwa ya wuce watan Disamba ba, ƙauyen kuma har yau yana sha duk shekarar da marka ta yi ƙarfi. A lokacin ba ni da abin da zan ajiye a kan tebur wanda ya fi ƙarfin maganar babban mutum. Yau akwai shi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Injiniyoyinku sun san abin da zan faɗa, amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, manoma da masunta ma za a karanta musu, don haka bari in yi dalla-dalla. Taurarin ɗan adam da jiragen awo sun auna tsayin doron ƙasa, an yanka shi gida-gida kamar zanen dara, kowane gida da lambar tsayinsa. In aka ɗora wannan a kwamfuta, sai a zuba wa kowane gida ruwan sama na lissafi, a bi shi yana gangarawa daga gida mai tudu zuwa mai kwari, har a ga inda ƙoramu ke haɗuwa su zama rafi, rafuka su zama kogi. Da haka za a shata iyakar duk filin da ke tara wa kowace ƙorama ruwa, a san wacce ce ke kawo kaso mafi tsoka ranar da aka kwana ana sheƙawa. Daga nan a nemi inda kwari ya tsuke tsakanin tuddai biyu, bayansa kuma yana da faffaɗan ciki, domin a nan ne gajeren bango ke riƙe ruwa mai yawa. Kwamfuta za ta gaya maka in bangon ya kai mita 10 ga yawan ruwan da zai ɗauka, in ya kai 15 ga yawansa, ga kuma gonaki da gidajen da za su nutse a kowanne. Sai a shimfiɗa wasu taswirori a kai, ɗaya bisa ɗaya: ta irin dutsen da ke ƙarƙashi, ta irin ƙasa, ta yawan ruwan sama na shekaru, ta ƙauyuka da maƙabartu, ta burtali da mashaya, ta hanyoyi da gadoji. Aikin da a zamaninmu zai ci mu rani 3 muna fama da ƙaya da kunama, yau matashi mai horo zai tace wurare 100 ya fito da 10 mafiya dacewa cikin 'yan makonni.

Kuma ba sai mun je ƙetare neman masu yi ba. Muna da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, da ta harba tauraron ɗan adam NigeriaSat-1 tun 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, muna da cibiyarta ta nazarin hotunan sama a Jos. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, akwai hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, akwai malaman labarin ƙasa a Jami'ar Bayero da ta Tarayya a Dutse. Hotunan taurarin Landsat na Amurka kyauta ake ɗaukar su a intanet, kuma sun faro ne daga 1972, wato kafin a rufe bakin dam ɗin Tiga a 1974. Duk mai son ganin yadda fadamarmu take kafin dam da yadda ta koma bayansa, shaida na nan a ajiye. Tauraron Sentinel-1 na Turai kuwa da na'urar rada yake aiki, gajimaren Agusta ba ya rufe masa ido, yana iya nuna iyakar inda ruwa ya kwanta ko da tsakar dare ne.

Amma a nan ne nake so in ja hankalinku sosai, domin taswira ma tana iya yaudarar mutum, musamman a irin ƙasarmu. Kogin Kano da na Calawa daga ƙasar dutse suke tasowa, su haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Daga nan in aka ɗan gangaro, dutse ya ƙare, an shiga shimfiɗar rairayin kwarin Tafkin Cadi, mai jigayi dogaye a jere, waɗanda jiharmu ta samo suna daga gare su. A wasu wuraren sai ka yi tafiyar kilomita guda ƙasa ba ta sauka da tsayin gwiwar mutum ba. To awon tsayi na kyauta da aka fi amfani da shi, wanda kumbon Amurka Endeavour ya ɗauka cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, kowane gidansa mita 30 ne, kuma kuskurensa a tsayi yakan kai mitoci. Saman bishiya da saman ciyawa ma yakan ɗauke su a matsayin ƙasa. A tsaunukan Filato ko na Ningi wannan kuskure ba wani abu ba ne. A Auyo kuwa taƙi 2 ne tsakanin gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Tsofaffin taswirorin safiyon tarayya da muka yi aiki da su, galibinsu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su, kuma kogin da suke nunawa ya sauya kwanciya tun tuni. Saboda haka ina roƙon a kashe kuɗi a yi awo da hasken lesa daga jirgin sama, wanda kuskurensa bai wuce 'yan santimitoci ba, a bi kogin tun daga Wudil har Gashuwa. Kuɗin ba zai kama ƙafar na kayan agajin da ake rabawa bayan ambaliya guda ba, kuma in an yi shi sau ɗaya, masu jinga da masu hanya da masu tsara gari duk za su ci moriyarsa.

Awon nan zai fito da wata gaskiya da ba kowa ke son ji ba: a ƙasarmu ta rairayi babu mazaunin babban dam. Ba tsukakken kwari, ba dutsen da za a kafa bango a kai. In ka tare ruwa a nan, shimfiɗewa zai yi kamar faifai, ya cinye gonaki masu yawa da zurfin da bai kai wuyan mutum ba, rana ta shanye kusan mita 2 a shekara, rairayi ya tsotse saura, a bar wa jama'a sauro da tsargiya. Wuraren dam na gaskiya suna sama, a ƙasar dutse. Mu abin da taswira za ta nuna mana shi ne tsofaffin tafkuna da kwaruruwan da kogi ke hutawa a cikinsu tun fil azal, waɗanda za a iya buɗe wa hanya su karɓi rarar ruwa, da inda jinga ta dace da inda za ta tura ruwan kan maƙwabta, da kwalbatocin da suka yi wa hanyoyi ƙanƙanta har titi ya zama dam ɗin da babu wanda ya yi niyyar ginawa.

Sannan mu dubi dam ɗin da muke da su. Tiga na nan tun 1974, Calawa da ke Ƙaraye tun 1992, su biyun sun kama manyan rassan kogin Haɗeja, amma ambaliya ba ta daina ba. Dalili a fili yake. An gina su ne don noman rani da ruwan shan Kano, kuma mai noman rani a Kadawa da Kura so yake damina ta ƙare dam na cike fal. Mai gudun ambaliya kuwa so yake Agusta ta tarar da dam da sauran wuri a cikinsa. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙari, rarar za ta bi mafitarta ko an so ko ba a so. Ga kuma ruwan saman da ke sauka a ƙasa da dam ɗin, wanda babu bangon da ke tare shi. Duk shekara mutanenmu cewa suke yi an saki Tiga, jami'ai su ce ruwan sama ne, a yi ta ja-in-ja. Lissafin taswira tare da ma'aunan ruwa a Wudil da Ringim da Haɗeja zai raba gardamar, ya nuna kaso nawa ya fito daga ina. Sai an san wannan za a san ko sabon dam ake bukata, ko kuwa sauya jadawalin sakin ruwan tsofaffin, ko yashe lakar da ta rage musu ciki.

Kada kuma taswirar ta tsaya a jikin bango, ta bi ruwan har inda ya ƙare. Kafin dam, kogin nan yakan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan kuwa ita ke kashe ciyawa. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, sai kacalla ta samu gindin zama. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, ruwa ya karkata ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wasu garuruwan suka nutse, wasu kuma fadamarsu ta bushe, tsuntsayen jan baki suka samu mafaka suna cinye gero da shinkafa. Dausayin nan na Nguru da Marma an sa shi cikin jerin muhimman dausayoyin duniya tun 2000, amma mu mun san darajarsa tun kafin nan: kifi, shinkafa, makiyayar rani, itace, da ruwan da ke sauka ya cika rijiyoyi har Yobe. A wurin manomin fadama ambaliya mai daidaito arziki ce, wadda ta wuce kima ita ce musiba. Dam ɗin da zai kashe su duka biyun bai taimake mu ba.

Wannan ne ya sa maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun zamanin Shagari. Mutanen Bauci na ganin noman rani da aikin yi, kuma suna da hujja. Mutanen Yobe da Borno na ganin kogin Jama'are shi ne ya rage babu babban dam a kansa, shi ke kai ruwa Gashuwa da Gaidam, su ma suna da hujja. Shekara 40 ke nan kowa na magana da bakinsa, ban taɓa jin an zaunar da talakawan ɓangarorin biyu a gaban taswira guda ba. Alhali tun 2006 jihohi 6 da ke shan wannan ruwa, Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogin. Inuwar da za a zauna tana nan, shimfiɗa taswirar kawai ya rage.

Akwai wata taswirar da ba na jin ana maganarta, ita ce ta inda ruwa zai bi in bango ya ɓalle. Allah ya kiyaye, amma ya faru. Dam ɗin Bagauda da ke Jihar Kano ya ɓalle a Agustan 1988. A daren 10 ga Satumban 2024 dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda ya fashe, mutanen Maiduguri da Jere suka farka cikin ruwa, shekara 30 bayan irin haka ta faru da su a 1994. Kwamfuta na iya lissafa unguwar da ruwa zai fara isa, cikin awa nawa, da zurfin da zai kai, da tudun da ya fi kusa a gudu. Duk wurin da aka zaɓa don sabon dam, a yi masa wannan lissafi kafin a amince, tsofaffin ma a yi musu, a bai wa kowane dagaci da bulama kwafi.

Wani abu kuma da ya kamata jama'a su sani: kwamfuta ba ta yanke hukunci. Mutum ne ke gaya mata abin da ya fi nauyi, ko arahar gini, ko yawan ruwa, ko gidajen da za a tasa. In wanda ke zaune a ofis ya ba burtali maki kaɗan, kwamfuta za ta nutsar da burtalin ba tare da ta san akwai shanu a duniya ba, rikicin manoma da makiyaya kuma ya biyo baya. In mai son kwangila ya juya makin, taswira mai launi za ta fito tana nuna garin ubangidansa, a ce ai kimiyya ce ta zaɓa. Abin da ya faru a dam ɗin Bakalori a 1980, inda aka zubar da jinin manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ya isa ya koya mana abin da ke biyo bayan zana layi a takarda ba tare da masu ƙasa ba. Don haka a bayyana makin, a bayyana wanda ya ba da shi, a ajiye bayanan a inda malaman jami'a da 'yan jarida za su iya sake lissafin da kansu.

Bayan kwamfuta ta gama nata, a sa takalmi a taka ƙasa. A haƙa a ga abin da ke ƙarƙashi. A zauna da sarkin ruwa da arɗo da tsofaffin mata masu zuwa itace, a tambaye su inda ruwan 1988 ya tsaya, da na 2001, da na 2012, da na 2022. Za su kai ka jikin bangon masallaci ko gindin tsamiya su ɗora yatsa. A ɗauki tsayin wannan yatsa da na'urar GPS, a gwada da abin da kwamfuta ta ce. In sun saɓa, kwamfutar za a gyara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ku kafa doka a ma'aikatarku cewa ba za a sa wa wani dam kuɗi a kasafi ba, babba ne ko na aikin mazaɓa, sai an haɗa takardarsa da taswirar filin da ke tara masa ruwa, da ta abin da zai nutse a bayansa, da ta abin da zai sauya a gabansa har ƙarshen kogi, da wasu wurare aƙalla 2 da aka gwada shi da su. A fassara bayanin da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi, a karanta a rediyo, a ba mutane wata guda su kawo ƙorafi. In kuma awo ya nuna wurin bai dace ba, a samu ƙarfin halin fasawa, kuma a kare ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta gaskiya.

Ni dai tun daga 2022 nake bin garuruwan da ke kusa da mu a kan babur, ina shafa jan fenti a inda ruwa ya tsaya a jikin masallatai da makarantu da turakun lantarki, ina rubuta rana da wuri a littafi. Damina na wanke fentin, wasu gine-ginen ana yi musu sabon yaɓe, dattawan da suka nuna mini wasu alamomin kuma 3 daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ku turo masu awo kafin ruwan bana ya sauka, zan ba su littafin, in kuma shiga gaba in kai su wurin kowace alama.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin safiyo kuma manomin fadama,
daga ƙasar Haɗeja, Jihar Jigawa.